Iya a Hawa na Goma Sha Huɗu

Birni, Damagaram
Watan Safar

Zuwa ga Yaya Balki,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, barka da sauka lafiya. Allah ya raya Nazir, ya ba ki lafiyar shayarwa. A gaida Yaya Mahamud. Mu nan lafiya lau, sai dai ciwon bayan Kawu Mala da ya motsa, ruwan sama kuma ya ɗan ci katangar bayan gida, amma an yaɓe.

Na san za ki yi mamakin ganin wasiƙa daga gare ni, ni da ko ranar bikinki bayan ƙyaure na ɓuya. Kawu ya ce ba ni ba waya sai na ci jarrabawar birebe. In ya ara mini tasa kuma yana tsaye a kaina, sai bakina ya ƙi buɗuwa. Ga Iya ba ta jin waya sosai, duk abin da aka faɗa mata sai ta ce lafiya lau. Shi ya sa na ce bari in rubuta, ki taimaka ki karanta mata kusa da kunnenta na dama, shi ne mai ji.

Ki ce mata ina share ɗakinmu kullum, ina kuma ba kajinta ruwa. Ki ce mata ina cin abinci, ko da matar Kawu ta ce mata ba na ci. Kin san ita ta raine ni tun rasuwar mahaifiyata, ban taɓa kwana ɗaki ban ji numfashinta ba sai da kuka aiko aka tafi da ita don ta yi miki jego. Ba ƙorafi nake ba. Na san ke ma ba ki da uwa, kuma ita ƙanwar kakanki ce, ta fi kowa cancanta.

Ga saƙo nan hannun Ɗan Azumi, direban kamiyon albasa: ƙaramin turminta da taɓarya, kanwa, yajin jego, da geron Gidimuni. Ita ta ce wa Kawu kunun kanwa ba ya daɗi da garin inji.

Yaya, an ce gidan da kuka kama haya a Kokodi hawa na goma sha huɗu ne, jikin ginin duk gilashi. A littattafan da nake ara ina karantawa akwai irinsa. Matar takan tsaya jikin taga da yamma, fitilun gari a ƙarƙashinta kamar an tsinke abin wuya ya watse, sai mijinta ya shigo a hankali ba ta ji ba. Nakan rufe ido in sa fuskarki a wurin. Wai da gaske ne mutum yana ganin tsuntsaye suna shawagi a ƙasa da shi? In ba damuwa ki gaya mini.

Iya ta yi mini alkawari da an yi arba'in za ta taso, kafin a koma lekwal, makarantarmu ta boko. Don Allah ki tuna wa Yaya Mahamud maganar biye, tikitinta na jirgi.

Ƙanwarki,
Ilham

*

Kokodi, Abijan
Watan Mauludi

Ilham,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, Nazir yana ta girma, Iya ma ƙalau. A yi wa Kawu Mala sannu da jiki.

Wasiƙarki ta iso, turminki ma ya iso, da ma bai iso ba. Wa ya ce miki ana daka a sama? Ina barci bayan azahar na ji gida yana amsawa, na fito na iske Iya ta shimfiɗa zane a tsakiyar falo tana ta lugude. A ƙarƙashinmu wani Bature ne da matarsa, ashe fitilar rufinsu har rawa take. Kafin la'asar gardi, mai gadin ƙofa, ya hawo da takardar gargaɗi daga ajans, hukumar dillalan da ta ba mu haya. Fuskar Mahamud kaɗai ta ishe ni.

Bari in gaya miki yadda ake zama a nan, tunda littattafanki ba su faɗa miki ba. Gidan nan da kayansa muka kama shi: kujeru, labule, shimfiɗar ƙasa, har cokali na mai gida ne. Mutane layi suke bi su samu, Mahamud sai da shugabansa na wurin aiki ya tsaya masa. Kafin a ba mu mabuɗi mun sa hannu ba daka, ba shanya a baranda, ba yanka, ba wutar gawayi ko kaɗan, don akwai na'ura a rufi mai jin hayaƙi. Gargaɗi uku, sai mutum ya kwashe kayansa. Nan ba Birni ba ne da kowa zai fito da tabarmarsa ya tare lungu.

Kin tambayi tsuntsaye. E, ana ganinsu a ƙasa. Ana ganin ruwan lagun, tafkin da ya ratsa garin, da gada, da jiragen ruwa. Ruwan zafi daga bango yake fitowa, ban ga itace ba tun da na haihu. Akwai wurin ninƙaya a saman ginin. Ba sauro, ba ƙuda, ba mai leƙo maka gida ya ce a ba shi gishiri. Iya tun da ta zo ƙafarta ba ta taka ƙasa ba, komai a nan ake kawo mata, ta huta da wahalarku. Asansar ne kawai ta ƙi, ɗan ɗakin ƙarfen da ke hawa da sauka da mutane, wai ba ta sake shiga akwatin da ba shi da taga.

Sai wata magana. Ki daina rufe ido kina kallon mijin mutane yana shigowa a hankali. Yarinya mai jiran birebe lissafi ya kamata ya cika mata kai.

Maganar arba'in kuma ba hukuncin alƙali ba ne. In na ji ƙarfin jikina za a duba.

Balki

*

Birni
Ƙarshen watan Mauludi

Yaya Balki,

Ina gaisuwa. Ina fatan Nazir yana lafiya. Kawu ya ji sauƙi. An koma lekwal.

Arba'in ta wuce, ni kaɗai na je aka rubuta sunana, duk ƴan ajinmu da iyayensu mata. Ban faɗa don ki ji tausayina ba.

Na karanta wasiƙarki har ta fara yagewa a wurin ninki. Abin da kika rubuta a kan Yaya Mahamud, Allah ya gani ban nufi haka ba. Na yi kuka, na kuma yi alkawari ba zan sake gaya miki abin da ke raina ba. Amma akwai layi ɗaya da ya hana ni sukuni, inda kika ce ƙafar Iya ba ta taka ƙasa ba tun da ta zo. Kin rubuta shi kamar abin alfahari. Yaya, kin san wadda kike magana a kanta kuwa? Matar da kan zagaya Birni kaf kafin rana ta yi zafi, daga gidan rasuwa zuwa gidan suna, ta tsaya wurin madukai ta yi musu tsiya, ta biya ta ƙofar fada ta dawo da labarin kowa. Ita kika rufe a sama kamar kanari, kina cewa ta huta.

Ranar Juma'a Kawu ya kira ku, ya sa mini wayar a kunne. Na ce Iya, ta ce lafiya lau. Na ce yaushe za ki dawo, ta ce lafiya lau. Sai can na ji ta ce, kamar ba da ni take ba: “Nan ko kiran salla ba a ji.” Daga nan aka karɓe wayar. Muryarta ta zama ƙarama. Na san muryar Iya fiye da yadda kika san lagun ɗinki.

Kin yi ta lissafa mini kujeru da labule, sannan da bakinki kika ce har cokali na mai gida ne. To ina abin yake? Zanen aro ba ya rufe katara. Mu tabarmar da muke tare lungu da ita tamu ce. Iyar ma aro aka ba ki, kuma mai aro in yana da kunya shi ke maido da kaya kafin a tambaya.

Ki yafe mini in na yi rashin kunya. A fuska ba zan iya faɗa miki ko rabin wannan ba, ke ma kin sani.

Ki turo mini kakata.

Ilham

*

Kokodi
Farkon Rabi'us Sani

Ilham,

Muna lafiya. Nazir ya yi ɗan mura ya warke.

Ashe shiru-shirun naki na munafunci ne. A gaban mutane kai a ƙasa, a takarda kuma harshe kamar aska. Wasiƙarki ban karanta wa Iya ba, ba zan kuma karanta mata ba. Na ce mata kina gaishe ta.

Aro kika ce? Iya ba akuyarki ba ce. Kakana da ita ciki ɗaya suka fito, a kan cinyarta aka yi mini kitson farko tun ba a san za a haife ki ba. Ke kina da Kawu, da matarsa, da ƴaƴansu, da lungu guda na mutanen da suka san sunanki. Ni wa nake da shi? Mahamud yana fita tun safe, wani lokaci aiki ya kai shi wata ƙasa. Maƙwabciyata ta ƙofar da ke kallon tamu, ranar suna Iya ta ƙwanƙwasa mata da kwanon nama, ta leƙo ta ƴar huda ta ce ba ta yi odar komai ba. In Iya ta tafi, da wa zan yi Hausa? Da jariri?

Kina yi mini gorin haya. Ke a gidan gado kika tashi, ba ki san komai ba. Ni a Kara-Kara na girma, mu da yawa a ɗaki ɗaya, in ana ruwa kwanuka muke jerawa a kan gado. Gidan nan shi ne wuri na farko a rayuwata da na rufe ƙofa na ji shiru. Ko na aro ne ina son sa, kuma ba ƴar lekwal mai karatun ƙarya ce za ta raina mini shi ba.

Ga wani abin kuma. Iya ta wanke zannuwanta ta rataya a ƙarfen baranda, ta watsa wa tsuntsaye geronki. Iska ta ɗauki zane ɗaya ta kai shi kan motar wani babban mutum, tsuntsaye kuma suka ɓata barandar ƙasa. An kawo takarda ta biyu. Saura ɗaya, Ilham. Na ɓoye turmi, na ɓoye gero. Kada ki sake aiko da komai gidan nan, ko allura ce. Duk abin da Iya ke so akwai shi a kanti a ƙasan ginin.

Za ta dawo ranar da na ga dama.

Balki

*

Birni
Ƙarshen Rabi'us Sani

Zuwa ga Yayata Balki,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da Nazir. Mu nan sai godiya. An fara girbi, sanyi ya fara sauka da safe.

Na ga wasiƙarki, na kuma fahimta sarai. Kin yi gaskiya, ni yarinya ce, ban san yadda ake zama a manyan gidaje ba. Na daɗe ban amsa ba don ina so in yi tunani kafin in sake yin kuskure. Na yi tunanin, ba kuwa na wasa ba.

Ke ban aiko miki da komai ba, kamar yadda kika ce. Ɗan ƙunshin da ke hannun Ɗan Azumi na Iya ne, na kuma roƙe shi ya danƙa mata hannu da hannu, don tsakanin jika da kakarta ne. Ba abin daka ba ne, ba kuma abin shanya ba. Kaskonta ne na turare, wanda ta gada wurin mahaifiyarta, da turaren wutar da ta haɗa da hannunta bara, irin na Barebari, da ɗan gawayin kirya mai kyau wanda ba ya tartsatsi. Na tarar da su ƙarƙashin gadonta. Iya ba ta taɓa barin Juma'a ta wuce ba ta turara ɗaki ba, na san tana kewarsa, kunya ce ta hana ta tambaya a gidan mutane. Na tabbata wannan kam babu shi a kantin ƙasan gininku.

A littattafai akan ce gida komai kyansa, in ba ƙamshi kango ne. Amma na manta, kin ce karatun ƙarya ne.

Ba na tambayar ranar dawowarta kuma. Allah shi ke da rana.

Ƙanwarki mai biyayya,
Ilham

*

Kokodi
Tsakiyar Rabi'us Sani

Ilham ƙanwata,

Ina fatan kina lafiya, da Kawu da mutanen gida. Mu ma lafiya, amma ba duka ba.

Ba ki amsa wasiƙata ba, na san kina fushi. Na faɗa miki maganganun da ba a faɗa wa ƙanwa. Wannan ba na jiran Ɗan Azumi, zan ba wata mata ƴar unguwarmu ta Kara-Kara da za ta taso gobe.

Jiya na fito daga wanka ban ga Iya a falo ba. Na same ta a waje, zaune a ƙasa kusa da ƙofar asansar, da carbinta. Na ce me kike yi nan. Ta ce tana jira ne in ya buɗe ta ga fuskar mutum. Duk wanda ya fito sai ta ce masa sannu da zuwa, su kuma su raɓe ta su wuce. Ƙafafunta sun kumbura saboda zama, abincinta ya ragu. Ba ta taɓa ce mini tana son tafiya ba, ko sau ɗaya. Da na tambaye ta sai ta ce: “In na tafi wa zai ce miki sannu?” Na shiga ɗaki na rufe ƙofa.

Kin fi ni gaskiya a kan wannan, kada ki sa in maimaita. Gidan nan ya yi mini, ita bai yi mata ba, ba kuma zai taɓa yi mata ba. Mun yi magana da Mahamud, ya yanki biye. A cikin watan gobe za ta taso, wani abokin aikinsa zai raka ta har Yamai, daga nan a sa ta a mota. Ban gaya wa Kawu a waya ba, na fi so ke ki fara ji, ki kuma ji daga gare ni. Ita ma ta sani, tun jiya take ninke zannuwanta tana warwarewa.

Ni zan koyi zama ni da Nazir da tagata. Ki gyara mata ɗaki. In kin ga dama kuma ki rubuto mini, ko labarin littafin ne.

Yayarki,
Balki

*

Birni
Farkon Jimada

Yaya Balki,

Ina gaisuwa, ki yi haƙuri ba zan tsawaita ba.

Yau da na dawo daga lekwal aka ba ni wasiƙarki mai maganar biye. Matar da kika ba wa saƙon ta tsaya jinyar ƴarta a Yamai, takardar tana cikin jakarta duk kwanakin nan. Da ta zo kan lokaci da ban rubuta waccan ba, da ban kuma aika komai ba.

Don girman Allah, in Ɗan Azumi bai iso ba, ki tare shi a ƙofa ki karɓi ƙunshin. In ya riga ya ba Iya, ki ɗauke gawayin ki zubar. Ki ce mata ya jiƙe a hanya, ki ce duk abin da kika ga dama. Wasiƙar da ke tare da shi kuma kada ki buɗe.

Na roƙi Kawu ya kira ku, wayarki a kashe, ta Yaya Mahamud tana ta ƙara ba a ɗauka. Kawu yana ta tambayata me ya faru, na kasa gaya masa. Wannan na ba wani ɗan kasuwa mai tafiya ta jirgi, na durƙusa masa a tasha a gaban mutane, ni da ba na iya gaida baƙo.

Na gyara ɗakin. Na wanke mata gidan sauro.

Ilham

*

Tireshbil, Abijan
Ƙarshen Jimada

Ilham,

Muna raye. Nazir lafiyarsa lau, Iya ma. Ki duba sunan unguwar da ke saman takardar nan da kyau.

Wasiƙarki ta roƙo ta same mu muna ɗaure kaya. Waccan mai ladabin kuwa gardi ya ajiye mini ita, na karanta bayan komai ya faru. Ɗan Azumi ya cika miki alkawari, hannu da hannu ya ba ta, ranar ina likita da Nazir. Ita kuma ta tura ƙunshin ƙarƙashin gado don ta ba ni mamaki.

Ranar Juma'a na sake fita kai shi rigakafi. Iya ta ce a ranta tunda tafiyarta ta matso, bari ta bar mini gida da ƙamshi. Ta hura gawayin a kan gas, ta zuba a kasko, ta rufe tagogi duka yadda ake yi a gida don turare ya kama labule. Na'urar rufi ta yi kuka, ruwa ya ɓalle daga sama a falo da ɗakuna. Farar kujerar mai gida, shimfiɗarsa, talabijin, komai. Ruwan ya bi ta ƙasa ya sauka kan Baturen nan da matarsa. Aka kashe asansar, ginin kaf ya sauko ta matakala.

Da na dawo na tarar da motar ƴan kwana-kwana, da mutane cike da titi, wasu da tawul, wata rungume da karenta. Na ratsa ina kiran sunanta kamar mahaukaciya. Can na hango ta zaune a kan ciyawar gaban gini, wadda aka hana takawa, jiƙe sharkaf, ta tuɓe takalmi, kaskon a cinyarta. Ashe da ƙafarta ta sauko, hawa goma sha huɗu, tana hutawa tana gaida kowa. Na ce Iya tashi mu hau ki sauya kaya. Ta dube ni ta ce: “Ni kam na sauko ke nan.” A ɗakin gardi ta kwana.

Ajans ba ta ma rubuta gargaɗi ba, ranar fita ta rubuta. Mahamud ya je ya ba da haƙuri, shugabansa da ya tsaya masa ya kira shi ofis. Abin da ya faɗa mini da ya dawo ba na takarda ba ne.

Yanzu muna gidan wani Alhaji ɗan Damagaram a Tireshbil. Gidan ƙasa, tsakar gida ɗaya da iyalai da yawa, famfo ɗaya, rediyon kowa a kunne. Na rufe ƙofa ina jin tarin maƙwabci. Tagata bangon wani take kallo. Kin maido ni Kara-Kara, Ilham, sai dai da Faransanci.

To saurari naki rabon. Matan gidan nan duk Hausa suke ji. Masallaci yana bayan katanga. Iya ta fito da turminta tsakar gida, kumburin ƙafa ya sace, ta san sunan kowa a layin, har an zo an ɗauke ta wankan wata mai jego. Da ranar tafiya ta zo na fito mata da biye, ta ce a mayar. Na ce Ilham fa. Ta ce ke kina cikin dangi, kuma kin girma, tunda har kin san ki tuna da turarenta ba a tambaye ki ba. Ta ce sai ta ga an yaye Nazir.

Ban gaya mata abin da kika yi ba. Ba don ke ba, don ita. Har yau tana sa miki albarka a kan kaskon nan, ni kuma ina zaune ina ji. Gidan saman da kika tsana shi kaɗai ke tura miki ita gida, kika sa aka kore mu daga cikinsa. Tsuntsun da ya kira ruwa shi ruwa kan doka.

Ta ce in rubuta miki saƙo, ga shi yadda ta faɗa: akwai ɗan fili a bayan ɗakinta, a aiko mata da irin kuɓewa, da na yakuwa, da ƙwallon dabinon Gidimuni ta gwada ko zai yi a nan.

Kada ki rubuto mini ban haƙuri. Ba ni da wurin ajiye shi.

Balki

*

Birni
Watan Rajab

Yaya Balki,

Ina gaisuwa. A shafa mini kan Nazir. Mu nan lafiya.

Ban rubuto ban haƙuri ba, tunda kin hana. Na daɗe da alƙalami a hannu ina neman wata kalmar da ba shi ba, ban samu ba.

Ki ce wa Iya na ji saƙonta. Ki ce mata na gode da albarka. Matar Kawu ta ce in koma ɗakin ƴaƴanta tunda abin ya zama haka, na ce a bar ni inda nake.

Ga irin kuɓewa nan a ƙullin fari, yakuwa a ƙullin ja. Na zaɓo masu saurin yi.

Ƙwallon dabinon ne ban sa ba. Na tambayi Kawu, ya ce wanda ya shuka dabino, sai yaron da aka haifa a shekarar ya shiga lekwal kafin a ci ɗansa. Ki ce mata ba a samu ba.

Ilham